Wasiƙa daga Asila, Garin da ke Sabunta Bangonsa Kowace Shekara

Asila, ƙasar Maroko,
watan Yuli.

Zuwa ga Malam, a Kutawa.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina tambayar lafiyar Malam da ta iyali da almajirai baki ɗaya, tare da addu'ar Allah ya sa damina ta yi albarka, ya tsare manoma a gonakinsu, ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta hana jama'armu barci. Ni dai ina nan lafiya, sai godiyar Allah. Da aka ba mu hutun ƙarshen shekarar karatu, maimakon in zauna cikin zafin Fas, wanda a wannan lokaci ba ya sassauta wa kowa, sai na bi shawarar wani abokin karatu na gangaro bakin teku, na sauka a wani masauki na ƙauye kusa da garin Asila. Kuma tun da Malam ya umarce ni, ran da na je sallama, kada in ga abin amfani in bar shi a cikina, ga abin da ya sawwaƙa.

Asila ƙaramin gari ne a gaɓar Tekun Atlantika, kudu da Tanja, tafiyar da ba ta cika awa guda a mota ba. Turawan Fotugal suka ci shi da yaƙi a 1471, suka kewaye shi da ganuwar dutse wadda har yau tana tsaye, igiyar ruwa na dukan gindinta dare da rana. A nan ne sarkinsu Sabastiyan ya sauke rundunarsa a 1578, ya nufi Wadil Makhazin inda ajali ya tarar da shi a fagen yaƙi. Kuma a wannan yaƙi ne sarautar Maroko ta faɗa hannun Ahmadu Almansur, wanda daga baya ya aika da dakaru suka rushe daular Sangai a 1591, har aka kwashi Shehu Ahmad Baba daga Tambutu zuwa Marrakish. Ashe garin da ban taɓa jin sunansa ba tun ina yaro yana da hannu, ko da daga nesa ne, cikin tarihin da Malam yake karanta mana a zaure.

Masaukin da nake, asalinsa gidan gona ne, mai shi ya gyara ɗakunan da 'ya'yansa suka bari sa'ad da suka tafi neman abinci Tanja da Sifen, ya shafe su da farar ƙasa, ya yi wa ƙofofi da tagogi shuɗin fenti, ya shiga saukar da baƙi. Lokutan shekararsu kishiyar namu ne, domin ruwansu da sanyi yake zuwa. Saboda haka yanzu da mutanen Kutawa ke fama da noman farko da maimai, su sun riga sun girbe alkama da sha'ir, gonaki sun yi fari fat, sai tumaki ke kiwon karmami, manomi kuwa ya sami sararin da zai ji da baƙo. Da asuba uwargida takan hura tanderun laka da ke bayan gida, kafin hantsi an jera gurasa mai zafi da man zaitun da zuma da cukun awaki a ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar ɓaure, maigida da kansa ya zauna yana zuba shayin na'ana'a daga sama har ya yi kumfa, ba ya yarda wani ya taɓa butar. Ran Juma'a kuwa, bayan an sauko daga masallaci, akushi guda na kuskus ake ajiyewa, kowa ya sa hannu, da mai gida da ɗan aiki da baƙon da ya zo daga Faransa.

Halin wannan dattijo yakan tuna mini da fatoman zango da kakanninmu fatake ke ba da labari, wanda ba ɗaki kaɗai yake ba baƙo ba, shi ne idonsa, shi ne tafintansa, shi ne kuma mai tsaya masa idan an so a cuce shi a ciniki. Shi ya nuna mini motar da zan riƙa shiga zuwa gari da kuɗin da ya kamata in biya. Shi ya kai ni kasuwar Litinin ta Sidi Yamani, inda matan duwatsun Jabala ke zuwa da malafunsu masu tuntaye da zannuwa masu ratsin ja da fari, suna sayar da cuku da ƙwai da kankana. Shi ne kuma ya ja hannuna zuwa masallacin ƙauyen, inda bayan sallar Asuba da ta Magariba ake zama a karanta hizbi guda da murya ɗaya, da ruwayar Warshu, ta yadda duk wata sai an sauke. Da na ga allunan yara jingine a bango, fa'unsu da ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗinsu da ɗigo ɗaya a sama, daidai da rubutun da Malam ya koya mana, sai baƙunta ta sake ni.

Abin da ke cika wannan masauki da makamantansa a irin wannan lokaci shi ne taron da suke kira Mausim. Asalinsa kuwa, wasu 'ya'yan garin biyu, Muhammad Bin Isa da mai zane Muhammad Almalihi, suka komo gida bayan sun daɗe a ƙasashen waje, suka tarar da garinsu ya lalace, shara ta toshe lunguna, bangaye sun tsattsage, samari kowa hankalinsa na kan hanya. Ba su da dukiyar da za su sake gina shi, saboda haka a 1978 suka gayyato abokansu masu zane, aka share unguwanni, aka shafe bangaye da farar ƙasa, aka yi musu ado. Da mutane suka ga ƙofar gidansu ta zama abin kallo, sai kunya ta hana su zubar da shara a gindinta. Daga nan aka shiga gyaran magudanai da daɓe hanyoyi, har a 1989 aka ba garin lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine. Bin Isa ya riƙe muƙamin ministan al'adu, daga baya na harkokin waje daga 1999 zuwa 2007, amma bai saki shugabancin ƙaramin garinsa ba har Allah ya karɓi ransa a farkon 2025. Almalihi kuwa ya riga shi a 2020. Allah ya jiƙansu.

Na tsaya na ga yadda ake aikin bango guda tun daga farkonsa. Da sassafe ma'aikata suka kankare zanen bara, wanda iskar teku mai gishiri ta riga ta cinye rabinsa, suka mayar da bangon fari sol. Sai mai zanen, wata mata daga Rabat, ta hau tsani da gawayi a hannu tana fitar da layuka, ta sauko ta ja da baya har ta jingina da gidan da ke fuskantarsa, ta ƙura ido, ta koma ta goge wani wuri da tsumma. Yaran unguwa sun yi dafifi, wannan ya riƙe gwangwanin fenti, wancan ya wanke buroshi, har ta miƙa wa wata yarinya buroshin ta ce ta cike ƙasan da shuɗi. Yarinyar nan ta cije leɓe, hannu na rawa, ba ta ɗaga kai ba sai da ta kai ƙarshen layin. Matar gidan kuwa, wadda bangonta ne ake wa ado, ta aiko da tiren shayi har sau biyu. Na tambayi mai zanen ko ba ta baƙin cikin cewa baɗi za a shafe aikinta, ta ce bangon na masu gida ne, aro aka ba ta, kuma yarinyar can da ta riƙe buroshi ba za a shafe ta ba.

Na san Malam zai tambayi hukuncin wannan, kuma ban mance da abin da ya karantar da mu na mazhabar Imamu Malik ba, cewa abin da aka haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi; wadda aka zana a shafe, marar inuwa, ana ganin karhancinta; amma itace da jirgi da sauran abin da ba shi da rai, babu laifi a kansu. Galibin abin da na gani a bangayen nan igiyoyin ruwa ne, da furanni, da ƙofofi, da haruffan Larabci da aka sarrafa, ko da yake akan sami fuska ko tsuntsu jefi-jefi, kuma ban ɓoye wa masu zanen abin da nake gani game da hakan ba, suka saurara cikin ladabi.

A fadar da Ahmadu Raisuni ya gina a 1909, wadda yanzu ta zama gidan al'adu, akwai ɗakin da ake koyar da buga zane, wanda wani gwani ɗan Sudan, Muhammad Umar Khalil, yana cikin waɗanda suka assasa shi. Sukan shafe farantin jan ƙarfe da wani abu mai kama da kakin zuma, su yi zane a kai da allura, su tsoma shi cikin ruwa mai cin ƙarfe don ya zurfafa inda allurar ta bi, sa'an nan su cusa tawada cikin ramukan, su ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, su murza injin matsi da hannu, zane ya fito tas. Lambunan garin an sa musu sunayen marubutan da suka saba halartar taron, kamar Ɗayyib Salih na Sudan da Cikaya U Tamsi na Kwango, wanda ake ba da kyautar waƙa da sunansa, har ɗan Nijeriya Niyi Osundare ya karɓe ta a 2008. Da yamma jama'a kan taru a kan ganuwa kallon faɗuwar rana, makaɗan Ginawa, jikokin bayin da aka ƙetaro da su Sahara daga ƙasashenmu, na kaɗa sambani irin namu sak.

Duk da haka, mai masaukina ba ya yabon abin ba tare da togiya ba. Ya ce albarkar taron ta iso har ƙauye, domin ƙwai da zuma da ɗakunansa duk sun sami kasuwa. Amma kuma baƙi masu kuɗi sun saye gidaje da yawa a cikin ganuwa, suna rufe su har shekara ta kewayo, ɗan gari kuwa in zai yi aure sai ya nemi haya a bayan gari. Da sanyi ya shigo kuma, ciniki ya mutu. Wannan magana ta zauna mini, domin gyaran da zai fitar da mai gida daga gidansa yana bukatar gyara shi ma.

Abin da ya sa na tsawaita, Allah ya gafarta Malam, shi ne na ga abin da aka tayar da garin nan da shi bai fi ƙarfinmu ba. Muna da sauran tsofaffin magina da suka iya fitar da dagi a goshin soro su shafe shi da makuba, muna da mata masu zanen ƙwarya, da dukawa, da masu ɗinkin hula, da makaɗan noma, amma sumunti da kwano da roba sun tura su gefe, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya babu magaji. Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, cike da samari da 'yan mata daga ko'ina, waɗanda da yawansu za su gama su tafi ba su taɓa ganin hannun magini cikin laka ba. Lokacinmu na sarari shi ne kaka, in an kai amfani gida. Na sani sarai ba a kiran baƙo zuwa inda mai gida ke kwana da ido ɗaya, kuma ba na nufin a yi shelar wani babban biki alhali hanyoyin Kurfi da Safana na yadda suke. Amma mutanen Asila ma ba don baƙi suka fara ba, don kansu suka fara, baƙi suka biyo baya.

Saboda haka ina roƙon Malam, in ya ga dacewar abin, ya yi magana da mai gari da dattawan maginan da suka rage, a ba mu bangon zauren makaranta kaɗai, mu yi masa gayya bayan girbi, tsofaffi su zana, almajirai su kwaɓa ƙasa su koya. Na ɗauki nauyin makuba da abincin ranar daga ɗan guzurin da na tara, in Allah ya kai mu. A isar mini da gaisuwa ga Inna da sauran mutanen gida, da liman, da abokan karatuna. Ina neman addu'ar Malam a kan jarrabawar da ke gabana.

Haza wasalam.

Almajirinka mai biyayya.