Gonar da ta koma dandalin fitilu

A ƙasar Amurka, cikin jihar Bajiniya ta Yamma, akwai wani gari mai suna Wheeling. Kusa da shi akwai babban fili bisa tuddai. Da can gona ce ta wani attajiri, Earl Oglebay. Da ya rasu a shekara ta 1926, ya bar ma garin ita, aka mai da ita wurin shan iska.

Amma in sanyi ya shigo, baƙi sukan ɗauke ƙafa. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne: ruwa ma daskarewa yake yi. A shekara ta 1985 masu kula da wurin suka samo dabara. Suka ɗaura fitilun lantarki bisa ƙarafa, suka fidda surar dabbobi da furanni, domin bikin Nowel, sallar da Kirista ke yi ta haihuwar Annabi Isa.

Yawancin masu kallo ba su sauka ƙasa. Iyali su shiga mota da dare, su bi hanya sannu sannu, kusan kilomita 10. Yara na leƙe ta gilashi. Wani wuri motar takan ratsa ƙarƙashin doguwar rumfar fitilu. Ana kunna su daga Nuwamba har farkon Janairu. Ran hutu motoci kan yi dogon layi, sai haƙuri.

Wuta dai tana cin kuɗi. Shi ya sa aka canza tsofaffin fitilu da irin na LED, kamar na cikin tocila, masu shan wuta kaɗan. Masu masauki da masu abinci kuwa sun samu ciniki a watannin da a da babu kowa.