Ranar da aka sa ɗana a rukuni na huɗu

Wajen ƙarfe goma na dare saƙon ya shigo wayata, ina kicin ina juye sauran miya a roba. Layi biyu ne kacal: an gama tantance yara, Abba yana rukuni na huɗu, kocinsa zai neme mu. Bara yana rukuni na ɗaya. Sau uku na karanta, sannan na ajiye ludayin na ce wa maigida, "To, yau dai sun nuna mana cewa mu baƙi ne."

Bari in ɗan koma baya saboda 'yan uwa da ke gida. Muna zaune a birnin Calgary da ke lardin Alberta a Kanada, inda wasan hoki na ƙanƙara yake kamar ƙwallon ƙafa a wajenmu, ko ma ya fi. Yara biyar-biyar ne da mai tsaron gida, sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, suna sulɓi a kan ƙanƙara suna koran wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Abba yana shekara shida ya fara, don duk 'yan ajinsu suna yi. Na so in hana, sai babansa ya nuna masa hoton Jarome Iginla, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, mahaifinsa kuma ɗan Najeriya ne. Daga ranar ba ni da sauran ta cewa.

Ba makaranta ke gudanar da wasan yara ba. Kowane yanki na gari yana da ƙungiyarsa, adireshin gidanku ne ke nuna wadda ɗanki zai shiga. Sama da ita akwai hukumar birni, sai ta lardi, sai uwar duka, Hockey Canada. Amma masu riƙe da ƙungiyar yankin, tun daga shugaba da ma'aji har kocin yara, iyaye ne irinmu, ba mai karɓar ko sisi. Tun 2020 ake kiran matakan da shekaru: 'yan ƙasa da 9, ƙasa da 11, ƙasa da 13, haka har ƙasa da 18. A matakan da Abba ya bi, yaro yana yin shekara biyu a kowanne. Duk watan Satumba kuma sai an sake gwada kowa daga farko, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon iyawa, mafiya ƙwarewa a na ɗaya.

A daren nan na zauna na rubuta imel mai tsawon gaske. Na kawo maganar fata, na kawo maganar suna, na lissafa asubahin da na tashi cikin sanyin da ke daskarar da gashin ido don kai yaron nan horo. Ina shirin turawa maigida ya leƙo wayar.

"Maman Abba, kin manta takardar da kika sa wa hannu?"

Ban manta ba. Kafin a yi wa yaro rajista, dole ɗaya daga cikin iyayensa ya yi wani kwas a intanet mai suna Respect in Sport, kan yadda ake kama kai a wajen wasa. Ni na yi namu. Ƙungiyarmu kuma tana da doka: duk mai ƙorafi sai ya bari awa 24 ta wuce kafin ya tunkari koci ko shugabanni. Da na fara jin dokar dariya na yi, na ce mu da aka raine mu da "fushin fari ba naka ba ne" me za a koya mana? Ga shi ni ce ta fara kamawa.

Washegari da dare imel ɗin ya koma layi huɗu. Wadda ke kula da matakinsu ta ce mu haɗu a filin. Ta zo da kayan aikinta a jiki, da alama daga wurin aiki take. Ta ce Abba yana da sauri in gaba zai yi, amma in da baya zai tafi yana cikin na ƙarshe-ƙarshe. Sannan ta tuna min abin da fushi ya rufe min ido a kai: bara shi ne babba a cikin 'yan ƙasa da 11, bana kuwa ɗan shekara 11 ne a cikin 'yan 12, wasunsu sun fi ni tsawo. Na yi godiya na tafi, amma ban gamsu ba.

Abin da ya shigar da ni cikin gidan shi ne cek. Lokacin rajista kowane gida yana ajiye cek na dala 400, in kun cika awannin aikin sa kai a yaga shi, in ba ku cika ba a cire kuɗin. A jerin ayyukan akwai kwana biyu a gidan caca, domin a Alberta ƙungiyoyin sa kai suna samun lasisin tura mutanensu su yi aiki a can, a ba su kaso daga ribar. Akwai kuma sayar da tikitin da ake raba kuɗinsa biyu, rabi na ƙungiya, rabi na wanda ƙuri'a ta faɗa masa. Na gaya musu addinina bai yarda da ko ɗaya ba. Ba wanda ya ja da ni. Sai dai na san da kuɗin nan ake biyan wani ɓangare na hayar filin da ɗana ke wasa a kai, kuma har yau abin yana min nauyi a zuciya. Na zaɓi riƙe agogon wasa, da zama a teburin tantancewa na shekara mai zuwa.

A teburin nan na ga yadda abin yake. An sa ni a matakin da ba na Abba ba, haka dokar take. Takardar sunaye tana hannuna. Yaro zai zo ya faɗi sunansa, in miƙa masa riga mai lamba. Masu ba da maki suna can sama a wani ɓangare da aka zagaye da igiya, ba su da ɗa a cikin waɗanda suke dubawa, kuma lamba da launin riga kawai ke cikin takardunsu. Ga hular kwano mai raga, ga safar hannu, ga abin kare wuya. Daga nesa sai ka yi da gaske kafin ka gane fatar yaro. Ranar farko na'ura ce ke auna gudunsu, sauran ranakun wasa ake haɗa su, bayan kowane zagaye wasu su hau, wasu su sauka. Na ga wani Bature ya fito da 'yarsa tana kuka, yana faɗa cewa an yi musu rashin adalci. Kusan kalmomin imel ɗina ne, sai da na sunkuyar da kai.

Ba ina cewa komai fes yake ba. A ƙungiyarmu koci ne ke zaɓar gurbi biyu na ƙarshe a rukuninsa, daga cikin yaran da makinsu ya yi kusa da juna. Nan sanayya tana iya shiga, kuma ba zan rantse cewa ba ta shiga ba. Amma babban abin da ke raba yaran ya faru tun kafin su iso teburina. Ina ji iyaye suna hira: wannan ɗanta ya yi sansanin horo uku a hutun bazara, wancan ya ɗauki malami na musamman da ake biya awa-awa. Shekarar da Abba ya faɗo rukuni na huɗu, a Zariya ya yi Yuli da Agusta wajen kakarsa. Ya dawo da Hausa a bakinsa da izu biyu a kansa, ƙanƙara kuwa sai wadda ya gani cikin zoɓo.

Rukuni na huɗun bai zama abin da na ji tsoro ba. Kocin yana fitar da su bi da bi, kowa yana samun lokacinsa, Abba ya ci ƙwallaye fiye da kowace shekara, ya kuma koyi tafiya da baya. Bana ba mu je gida ba, ya yi sansani ɗaya, ya shiga rukuni na biyu.

Baɗi zai shiga 'yan ƙasa da 15. Tun 2013 aka hana bangazar juna da jiki a matakin da yake yanzu, amma a na gaba an yarda da ita a manyan rukunoni, kuma nan yake so. A bangon ɗakinsa akwai hoton Nazem Kadri riƙe da kofin Stanley da ya ci a 2022, wanda ya kai shi masallacin garinsu, London ta lardin Ontario. Duk lokacin da na ce ina tsoron kansa ya bugu, hoton yake nuna min.

An buɗe rajistar sansanin bazara a makon jiya, kuɗin jirgi kuma kullum hawa yake. Ba za mu iya duka biyun ba. Ranar Lahadi Hajiya ta kira, muna cikin mota a bakin filin, jakar kayansa ta cika mu da wari. Ta ce, "Yaushe za ku kawo min mijin nawa? Ko ya sake ni ne ban sani ba?" Abba ya yi dariya ya gaishe ta, ya ce in sha Allahu yana nan tafe. Da ta kashe sai ya juyo ya ce, "Umma, ranar Juma'a fa za a rufe rajistar."