Maganin Gonar Da Ta Gaji

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ban ga inda wannan magana ta fi dacewa ba kamar sha'anin taki, musamman yanzu da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka.

A da, in gona ta gaji, akan bar ta ta zama saura har shekara biyu ko uku. Yau jama'a ta yi yawa, rabon gado ya yayyanka gandu, babu mai filin da zai bari ya huta. Tamu gonar ma ta gaji, dawa tana fitowa a tsumbure, ƙuduji ya mamaye ta. Ga shi da ita ake ci da gida, daga cikinta kuɗin karatuna ke fitowa.

Mahaifina bai taɓa shiga aji ba, amma ya san inda aka cire gyaɗa bana, dawa za ta yi kyau baɗi. Ilmin zamani ya bayyana dalili. In ka tuge wake ko gyaɗa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne ake saye da tsada a buhun yuriya. Saboda haka malaman gona ke ba da shawarar a shuka wake ko ƙarara, da sun fara fure a kife su da garma su ruɓe a ƙasa. Wannan shi ne ɗanyen taki.

To, a nan gizo ke saƙa. Harawa abincin dabbobi ce, kuma kuɗi ce da rani. Ka ce wa Baba ya binne ta, sai ya dube ka ya ce, "Boko ya taɓa yaron nan." Abin da ya yarda da shi, shi ne ya ware yanki guda, mafi gajiya, ya kife wakensa ɗanye. Sauran harawar tumaki su ci, takinsu ya koma gona. Gawon da ke tsakiyar gonar kuwa, mai zubar da ganye da damina, ya hana kowa ya sa masa gatari.

'Yan'uwana ɗalibai, mafi yawanmu 'ya'yan manoma ne. In an tafi hutu, a tuge wake guda a nuna wa na gida saiwarsa. Sai an zubar da ruwa a ƙasa ake taka damshi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.