Ranar da Sakatar Bindigar Kawu Ta Cije

Na daɗe da lura cewa a littattafanmu na Hausa bindiga ba ta taɓa ƙin aiki. Jarumi ya zaro, ya ɗana, ya taɓa kunama, sai ka ji marubuci ya ce "tau!", mugu ya faɗi. To amma duk wanda ya tashi a gidan mafarauta ya san cewa bindiga ta fi daɗewa a jingine a lungu fiye da a kafaɗa, kuma lokacin da mai ita yake ɓatawa wajen goge ta ya ninka na harbi sau ɗari. Shi ya sa na ga ya kamata yau in ba ku labarin wata bindiga da ta cije, da abin da na gani wajen shawo kanta.

Bindigar ta kawuna ce, wan mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa. Gidansa na wani ƙauye tsakanin Hunƙuyi da Maƙarfi, ƙasar rake da mazarƙwaila. Ya shiga soja a 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke, aka horar da shi a Defo ta Zariya, wadda aka kafa tun 1924. Cikin masu ba su horo akwai tsofaffin da suka yi yaƙin Bama, kuma a hannunsu ya fara riƙe bindigar nan ta Ingila da ake kira Mak 4, mai cin harsashi 10. Da ya bar soja sai ya koma fadamarsa. Wanda ya san rake ya san gyazbi: dare ɗaya zai shiga gona ya datse maka kara daga gindi ya bar shi a kwance. Don haka Kawu ya mallaki wata 'yar ƙaramar bindigar farauta mai sakata, da lasisinta, wanda yake adanawa a cikin leda a ƙasan adaka tare da takardun sallamarsa.

Ga wanda bai sani ba, sakatar bindiga kamar sakatar ƙofa take, daga nan ma ta samo sunan. Motsi huɗu gare ta: a ɗaga mariƙinta sama, a ja baya, a tura gaba, a kwantar ƙasa. Ja baya shi ke fitar da kwanson da aka harba, turawa gaba ta shigar da sabon harsashi, kwantarwa kuma ta kulle shi a ciki. A cikinta allurar da ke dukan gindin harsashi take, da sifirin ɗinta. Abin da ya sa ba a wasa da ita shi ne, idan albarushi ya kama, ita kaɗai ce tsakanin wutar da idon mai harbi.

Wani hunturu na taso daga Ikara na je gaida shi. A lokacin yanar ido ta fara cin ƙarfinsa, saboda haka babban ɗansa, taubashina, shi ya karɓi aikin gogewar. Bakanike ne na babur, hannunsa ya saba da sifana. Ya kwance bindigar ɗaiɗai, ya raba ƙarfe da katako, ya wanke komai da fetur, ya lafta giris, ya mayar ya ɗaure tamau. Tana ta ƙyalli kamar amarya. Sai dai da ya zo jan sakata, ta ce ba ta san zancen ba. Da kyar take tafiya, in ta kusa ƙarshe kuma sai ya sa tafin hannu ya doke ta.

Ya ce, "Baba, tsatsa ce ta ci ta. Bari in ɗan goge wurin da take kullewa da magagari, ko in kai wa maƙeri a kasuwar Maƙarfi."

Kawu ya ce, "Jiya da tsatsar lafiya lau take tafiya. Yau da ka wanke ta ne tsatsar ta tashi? Ajiye magagarin nan, miƙo mini ita."

Wannan tambayar ita ce rabin gyaran. Abin da yake aiki kafin a kwance shi, in ya ƙi bayan an haɗa, to laifin yana wajen haɗawar, kuma ba a rage wa ƙarfe nama saboda shi. Ya bayyana mana cewa in aka goge wurin kullewar, sakata za ta yi laushi kam, amma za ta bar 'yar tazara a bayan harsashi. Ranar da kwanso ya tsage a wannan tazarar, hayaƙi da burbushin tagulla fuskar mai harbi za su nufa. Ƙarfen da magagari ya ci kuwa ba ya dawowa.

Abu na farko da ya yi, ya cire gidan harsashi, ya buɗe sakata, ya zura ɗan yatsansa a makwancin harsashi ya tabbatar babu komai. Ya sa aka kwashe harsasan aka kai wani ɗaki, aka kori yara daga zauren, bakin bindigar kuma yana kallon bangon ƙasa har aka gama. Ya ce ba a gwada sakata mai cijewa da harsashi a ciki, domin mai dukan ta da ƙarfi bai san abin da yake dukawa ba.

Sannan ya rufe idanun da dama ba su gani sosai, ya yi ta jan ta a hankali. Ya ce da ni, "Kai ɗan boko, rubuta wannan: ba a cewa sakata ta yi tauri a yi shiru. A ina ta yi taurin? Wajen ɗagawa, ko wajen ja, ko wajen turawa, ko wajen kwantarwa? Kowanne da ciwonsa." Ya ce ko Mak 4 in kana tura sakatarta, daf da ƙarshe sai ka ji ta turje, domin a nan take ɗana sifirin. Sababbin kurata sukan zaci lalacewa ce, alhali haka aka ƙera ta. Akwai kuma bindigogin da wajen ɗagawa suke ɗanawa, su a nan nauyinsu yake. Wanda bai san taurin asali ba, ba zai gane na ciwo ba.

Ya fara da masu sauƙi. Ya taɓa makullin tsaro ya ji ko ya tsaya rabi da rabi, ya ji yana daidai. Ya zare sakatar ya shafa wutsiyarta, domin in tana waje takan murɗe ta sauka daga inda aka ɗana ta, sai ta ƙi shiga yadda ya kamata. Nan ma lafiya. Ya ba mu labari cewa kan sakatar Mak 4 ɗaura shi ake yi kamar noti, in ka bar shi saura zagaye ɗaya ba za ta rufu ba, kuma kowace sakata da lambar bindigarta a jiki, shi ya sa soja ba ya musanya tasa da ta wani.

Daga nan ya murza giris ɗin tsakanin yatsu biyu ya miƙo mini. Sai na ji ƙasa-ƙasa a ciki. Awa biyu kacal a tsakar gida, ƙurar hunturu ta riga ta haɗu da shi ya zama kamar ƙullun yashi. Aka goge shi tas da tsumma mai tsabta, aka leƙa lungunan ciki da tocila ko zaren tsumma ya maƙale, aka zaro wani ɗan sili guda. Sakata ta sassauto, amma har yanzu in ta kusa ƙarshe sai ta ja birki.

A nan ne na ga dabarar da ban taɓa gani ba. Ya sa aka kunna fitilar aci-balbal da rana tsaka, aka riƙa gifta sakatar a saman harshen wutar har hayaƙi ya mayar da ita baƙa wuluk. Aka mayar, aka ja ta sau uku, aka zaro. Sai ga wani siririn layi fari fes a cikinta ta ƙasa, inda wani abu ya kankare baƙin. Kawu ya ce, "To ga mai laifin ya sa hannu. Me ke ƙarƙashin wannan layin?"

Sukurun da ke ɗaure ƙarfe da katako ne. Taubashina ya sassauta shi zagaye biyu, sakata ta tafi sumul kamar an zuba mata ruwa. Da aka kwance sukurorin biyu aka jera a tabarma, ashe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da abin da bai wuce ƙwayar dawa ba. An sa dogon a ramin gajeren, aka kuma ɗaure shi da ƙarfin ɗaure tayar babur, kansa ya leƙo cikin hanyar sakata. Katakon ma ya taimaka, domin a hunturu bushewa yake yi ya tsuke, sai sukuru ya ƙara nutsewa, da damina kuma ya kumbura. Aka mayar da kowanne raminsa, ana ɗaure wannan kaɗan a koma wancan kaɗan, ana gwada sakatar a tsakani. Da yake fetur ya busar da ƙarfen ƙayau, aka ɗiga man keken ɗinki a tsumma aka shafe ta sama-sama, giris kuwa kamar ƙwayar riɗi aka sa, a inda ƙarfe ke murza ƙarfe kawai. Duk aikin bai ci ko kwabo ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Kawu bai yi wa ɗansa faɗa ba. Sai ya sa shi ya sake kwancewa ya haɗa har sau uku a gabansa, yana jera kowane ƙarfe a tabarma daga dama zuwa hagu yadda ya fito, don ya koma yadda ya fito.

Ina tuna wannan a duk lokacin da na ga samari a ƙauyukanmu rataye da adaka da sunan sintiri. Ba na ganin laifinsu, kowa ya san abin da satar mutane da ta shanu suka yi wa Giwa da Birnin Gwari, kuma tsoro ba ya tsayawa a kan iyakar ƙaramar hukuma. Amma da yawansu sun sami bindiga ba su sami wanda zai zaunar da su a tabarma ba. In ta cije, dutse ake nema a doke ta, ko a leƙa bakinta a ga abin da ya hana ta tashi. Da yawa kuma ba su san cewa dokar bindigogi ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon hana riƙe ko adaka sai da lasisi ba, bindigar farauta kuwa sai da lasisi daga Sufeto Janar, ta soja irin Mak 4 kuma tana cikin waɗanda aka haramta wa farar hula. Rashin sani ya fi dare duhu, a harkar bindiga kuwa duhun kan faɗa wa wanda ke tsaye a gefe.

Da Kawu ya rasu aka zauna rabon gado, wasu suka so a yi wa bindigar kuɗi a sa ta cikin kaya. Taubashina ne ya hana. Ya ce lasisin da sunan Baba yake, shi kuwa bakanike ne, ba mafarauci ba. Ya goge ta gogewar ƙarshe, ya naɗe ta a buhu tare da takardarta, ya kai ta ofishin 'yan sanda ya miƙa. Gyazbi kuwa yanzu da tarko da karnuka ake fama da shi a fadamar. In ka je garejinsa ka tarar ya kwance kafireto, za ka ga ƙarafan a jere a kan kwali daga dama zuwa hagu, kuma yaran shagon sun san ba a ɗaukar guduma sai an faɗi inda abin ya cije.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.