Ƙafa Nawa Za Ta Kai?

Ranar da aka haifi ɗan macijin boa, tsawonsa bai wuce kamu guda ba, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Da gangan na ce "haifa", domin boa ta Amurka ba ta yin ƙwai kamar mesarmu, 'ya'ya take zubowa da ransu, wani lokaci 20 ko 30 a ciki ɗaya. A shagunan sayar da dabbobi na Amurka ana ajiye su cikin 'yan akwatunan roba irin waɗanda matanmu ke zuba kayan miya. Yana naɗewa a hannun yaro kamar munduwa, fatarsa na sheƙi, ba ya kuka, ba ya haushi. Wannan shi ake sayarwa. Wanda mutum zai zauna da shi bayan shekara huɗu ko biyar kuwa, wata dabba ce daban.

Ni aikina rediyo ne a Kumasi, shirin safe nake gabatarwa da Hausa ga mutanen zango, kuma babu abin da ya haɗa ni da macizai sai zumunci. Yayata tana zaune a Kolombus, jihar Ohayo, inda 'yan Gana suke da yawa. Ɗanta na fari mai shekara 14 ya tara 'yan daloli da share ƙanƙara a ƙofar maƙwabta, ya ce boa zai saya ya ajiye a ɗakinsa. Ta kira ni murya na rawa. "Kai ne kullum kake yi wa jama'a magana suna ji. Ka yi wa ɗanka magana. A zuri'armu wa ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da maciji?"

Hana shi abu ne mai sauƙi, minti biyu sun isa. Abin da ya tsayar da ni shi ne yaron kansa. Hausarsa tana gudu daga bakinsa shekara bayan shekara, hirarmu ta waya ba ta wuce "Lafiya lau, Kawu" sai ya miƙa wa uwarsa. Ranar da na tambaye shi wane irin maciji yake so, minti arba'in ya yi yana zuba, rabi Hausa rabi Turanci, har yana neman kalmar "saɓa" don ya gaya mini yadda maciji ke canza fata. Ban yarda in rufe wannan ƙofa da "a'a" guda ɗaya ba. Na ce wa Yaya ta ba ni mako biyu, zan yi masa irin shirin da nake yi wa baƙon da zan yi hira da shi.

Hujjarsa ta farko gaskiya ce: boa ba ta da dafi. Mu da muka tashi inda ganin maciji yake nufin ihu da sanda, kumurci da kasa da mesa duk suna ɗaya gare su a wurinmu, in ban da gardawa da ke rataya mesa a wuya a bakin kasuwa. Abin dariyar shi ne, ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda ta cika gidajen Amurkawa, daga Gana da Togo da Benin ake fitar da ita dubbai kowace shekara. Muna kashe ta a gona, suna sa mata suna.

To amma rashin dafi bai gama magana ba. Wanda ya ce zai sayi boa kamar ya ce zai sayi mota ne, bai faɗa maka ko Tico ba ce ko tirelar da ke ɗaukar kaya daga Tema zuwa Wagadugu. Akwai boa ta rairayi ta Kenya, wadda macen ba ta kai ƙafa uku, namijin ma da ƙyar yake wuce ƙafa ɗaya da rabi. Tana da 'yar'uwa a yankinmu na Sahel, tana binne kanta cikin yashi. Akwai wata mai ratsin ja-ja ta hamadar Kalifoniya da arewacin Meziko, ƙafa biyu zuwa uku. Sai wadda ta fi yawa a shaguna, Boa imperator, ta Amurka ta Tsakiya da Kolombiya, macenta takan kai ƙafa shida zuwa takwas. Sai babbar, mai jan wutsiya, Boa constrictor ta dazukan Surinam da Giyana da Peru da Brazil. Macen wannan takan kai ƙafa tara ko goma, wato mita uku, nauyinta kilo 10 zuwa 15, wasu su haura 20. Ita ce mafi kyau, kuma ita ɗana yake so. Hoton da ya turo mini na 'yar wata biyu ce, mace.

Ranar haihuwa, bambancin tsawo tsakanin 'yar Kolombiya da 'yar Surinam bai taka kara ya karya ba. Mai shago kuwa ciniki ya fito yi. An gaya wa yaron wai maciji gwargwadon akwatinsa yake girma, in ka bar shi a ƙaramin akwati zai tsaya ƙarami. Ƙarya ce. Jininsa da abincinsa su ne ke yanke girmansa, matse shi sai dai ya lalata masa jiki, rage masa abinci kuma yunwa ce aka canza wa suna. Shi ya sa masu kiwo na gaskiya suke cewa kada ka kalli ɗan, ka nemi a nuna maka uwar da uban. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma a wannan dangi mace ta fi namiji tsawo da kauri, saboda haka zaɓin jinsi kaɗai yana iya rage wa mutum ƙafa biyu.

Tsawo ma bai kai kauri da ƙarfi damuna ba. Maciji mai ƙafa tara tsoka ne zalla. A da ana cewa shaƙe numfashi yake yi, sai wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna matsarsa gudun jini take tsayarwa, ɓera ya suma cikin daƙiƙu kaɗan. Boa ba ta ɗaukar mutum a matsayin abinci, kuma ba safai take yi wa mai ita illa ba. Duk da haka masu kiwo suna da ƙa'idarsu: in maciji mai matsewa ya kai wajen ƙafa takwas, ba a ɗauko shi sai da mutum na biyu a ɗakin, ba a kuma rataya shi a wuya. Na tambayi ɗana wane ne mutum na biyun. Mahaifinsa tuƙin babbar mota yake yi, yakan yi mako bai kwana gida ba. Yayata kuwa ko ƙadangare ba ta yarda su haɗa hanya. Ya yi shiru, na ji yana danna wani abu a kwamfuta.

Girma yana jan sauran abubuwa a bayansa. Jaririyar tana cin ɗan ɓera guda a mako. Babbar sai manyan ɓeraye masu girman gafiya, wata ma zomo, sau ɗaya a mako uku ko huɗu, a sayo su daskararru a narkar da su kafin a ba ta. Akwatinta ya kamata ya ishe ta miƙewa, wato ya fi tsawon gadon yaron, da ɗumin da ya kai maki 30 a gefe ɗaya da laima a cikin iska, dare da rana, a garin da ƙanƙara ke zuba wata da watanni. Wutar nan wani ne zai biya ta. Kuma haya suke, mai gida yana da ta cewa.

Dokar jihar ba ta hana shi ba, na duba. A watan Oktoban 2011 wani mutum a Zanesbil, gabas da Kolombus, ya buɗe kejin namun dajinsa wajen 50, har da zakuna da damisoshi, 'yan sanda suka harbe kusan dukkansu. A 2012 Ohayo ta yi doka kan ajiye namun daji masu haɗari, ta sa manyan mesoshi da anakonda a ciki in sun kai ƙafa 12. Boa ba ta cikin jerin. Amma lura da abin da dokar ta kama: awo ta kama. A Filorida kuma an ga ƙarshen macijin da ya fi ƙarfin mai shi. Mesar Bama, wadda kasuwar dabbobin gida ta shigo da ita, ta bazu a fadamar Ebagiled, ta cinye ƙananan namun dajin wurin, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da ita ƙasar a 2012.

Sai tsawon rai, wanda a ganina shi ma girma ne, na kwanaki. Boa tana yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, an ma taɓa samun wadda ta haura 40 a gidan namun daji na Filadelfiya. Na yi masa lissafi kamar yadda nake yi wa masu kira a shirina in sun zo da maganar bashi. Shekara huɗu ka tafi jami'a, ɗakin kwanan ɗalibai ba a shiga da maciji. Daidai lokacin ne kuma za ta cika girmanta. Wa za ka bar wa? Za ka yi aure tana nan. Za ka kai shekarun Kawunka, ka wuce su, tana nan tana jiran gafiya.

Lambobi a waya ba sa tsorata ɗan shekara 14, don haka na ba shi aiki. A Hausa tiyon ban ruwa ma mesa muke ce masa, shi bai sani ba, ya yi ta dariya da na gaya masa. Na ce ya ɗauko mesar lambun gidan, ya auna ƙafa tara ya ɗaura ƙyalle, ya shimfiɗa ta a ɗakinsa ya kwana da ita. Sannan ya ɗauki buhun shinkafar uwarsa ya riƙe a hannu minti goma ba tare da ya ajiye ba. Washegari ya turo hoto. Mesar ta tashi daga ƙarƙashin taga, ta bi gefen gado, ta lanƙwashe a bakin ƙofa saboda ɗakin ya ƙare kafin ta ƙare. A ƙasan hoton ya rubuta da Hausarsa: "Kawu, ta yi yawa."

Na so ya ɗauki boa ta rairayi, ya ƙi. Ya ce wannan tsutsa ce, yini take a binne, wanda ya saye ta yashi ya saya. Ban ga laifinsa ba, maciji yake so mai kamar maciji. Shi ne da kansa ya gano mafita. A ƙananan tsibiran Handuras da Beliz akwai Boa imperator da ba ta girma kamar ta tudu, namijinta ƙafa huɗu zuwa biyar yake tsayawa. Mutum ɗaya yana iya ɗaukarsa, ɓera matsakaici ya ishe shi, kuma in ta kama a nema masa sabon gida, ya fi sauƙin samun mai karɓa. Sharaɗina ɗaya ne: daga hannun mai kiwo za a saya, wanda zai nuna iyayen, domin ana gauraya su da manya a sayar da sunan ƙanana.

Yayata ta saurare ni har na gama, sannan ta fito da abin da ta samo da kanta a asibitin da take aiki. Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ba ta son a ajiye su a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar. Autarta tana da uku.

"Shekara biyu," in ji ta. "In har lokacin bai canza ra'ayi ba, namiji, ƙarami, akwati mai makulli. Kuma ka gaya wa ɗanka, ɓera ba zai shiga firjin da nake ajiye namana ba. Ya sayi nasa."

Na gaya masa. Ya tambaye ni ko shekara biyun daga yau za a fara ƙirgawa ko sai ranar da ƙanwarsa ta cika biyar, domin akwai bambancin wata uku. Na ce wannan tsakaninsa da uwarsa ne. Yanzu kuɗin ƙaramin firji yake tarawa, kuma ranar Lahadin da ta wuce shi ya kira ni, yana tambaya yadda ake cewa "daskararre".