ZARE: 'Yan haya a cikin dodon koɗi marar kwanso

1/ Jama'a, dodon koɗin nan marar kwanso, mai yauƙi, da ke bin ganye da daddare, ku ɗauke shi kamar gidan haya. Tun da muka fara karanta tsutsotsin da ke cikinsa a aji na kasa yin shiru. Iri-iri ne, kuma kowace da halinta.

2/ Akwai 'yan rage hanya: su dai ya kai su wani wuri mai danshi su sauka. Akwai masu zama a hanji kamar Angiostoma, suna ci suna sha, ba su cika kashe mai gida ba.

3/ Sai makashiya, Phasmarhabditis hermaphrodita. In ta shige shi sai ya kumbura, ya daina ci, ya mutu cikin kwana 4 zuwa 21, ita kuma ta hayayyafa a gawar. A 1994 aka fara sayar da ita a Ingila da sunan Nemaslug. Mai lambu ya dama ta a ruwa ya zuba, ta yi masa aikin maganin feshi.

4/ Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Angiostrongylus cantonensis, tsutsar huhun ɓera, da aka gano a Kanton ta ƙasar Sin a 1935. Ɓera ya kasayar da 'ya'yanta, dodon koɗi ya ci kashin, ɓera ya ci dodon koɗi. Haka take zagayawa.

5/ Matsalar fa in ta shiga mutum. Ba ta iya ƙarasa girma, sai ta maƙale a ƙwaƙwalwa ta jawo wani nau'in sanƙarau. A 2010 wani ɗan shekara 19 a Sidni, Ostireliya, abokai suka zuga shi ya haɗiye ɗaya. Ya fi shekara a sume, ya farfaɗo jiki a shanye, ya rasu a 2018. Wasa fa suke yi.

6/ Kar ka ce ai ni ba na cin dodon koɗi. Ƙaraminsa na iya laɓewa a tsakanin ganyen latas ko kabeji a yanka da shi. Ni yanzu ganye ɗaya-ɗaya nake ɓarewa in wanke, ko da 'yan ɗakinmu za su ce na cika tsirfa. Dafawa kuwa tana kashe ta.

7/ Masu yanka salak a gida, wannan zaren naku ne. A tura wa Umma ma. Allah Ya tsare mu.