Kaka a Wata 'Yar Makaranta ta Jihar Vermont

Tun da 'yata ta sami aikin jinya a jihar Vermont ta Amurka take roƙona in je in ga inda suke zaune. Da Allah ya nufa, ita ce ta zaɓa mini lokaci. Ta ce, "Baba, ka zo a farkon Oktoba kafin sanyi ya kankama, don lokacin ne makarantar su jikarka take hidimar kaka." Ni da na ƙare ƙarfina ina riƙe da alli a makarantun firamare na ƙauyukan ƙasar Zazzau, maganar makarantar ce ta fi jan hankalina.

Daga Abuja na tashi zuwa New York, na kwana a can, washegari kafin azahar na hau jirgin ƙasa na kamfanin Amtrak mai suna Vermonter. Sau ɗaya yake tashi a yini. Ya bi ta New Haven da Hartford da Springfield, can wajen la'asar sakaliya muka shiga Vermont ta garin Brattleboro, kogin Connecticut yana gefenmu. Daga nan ban ƙara ɗauke idona daga taga ba. Duwatsu ne lulluɓe da itatuwa, wannan ja wur, wancan ruwan ɗorawa, wani kuma kore shar bai sauya ba. Idan yini ya gajarce dare ya yi sanyi, itacen yakan daina yin koren sinadarin ganyensa, sai wasu launuka su fito, kafin ganyen ya kaɗe gaba ɗaya. Itacen mapul ne ya fi ja, kuma daga ruwan jikinsa ake dafa wani ruwan zaƙi da Vermont ke samar da kusan rabin na Amurka duka. Bayan tafiyar kusan awa takwas na sauka a tashar Montpelier da dare. Babban birnin jiha ne, amma mutanensa wajen 8,000 ne kawai, kuma babu babban birnin jiha a Amurka da ya fi shi ƙarancin mutane.

Ƙauyen da suke zaune yana tsakanin duwatsu: coci ɗaya fari, kanti ɗaya, ofishin 'yan kwana-kwana, sai makarantar. Ɗalibanta ba su kai ɗari ba. Saboda ƙarancin yara, an haɗa aji biyu a ɗaki guda, malama ɗaya ke da su, manya suna kama wa ƙanana karatu. Da na raka jikata ranar farko, shugabar makarantar tana tsaye a bakin ƙofa tana gaishe da kowane yaro da sunansa. Yarinyar ta ja hannuna ta ce mata ga kakanta daga Najeriya, aka rubuta sunana a littafin baƙi, aka liƙa mini takarda a ƙirji, aka ce in shiga.

Ranar Laraba aka yi girbin lambun makaranta. Tun watan Mayu yara suka shuka dankalin Turawa da karas da kabeji da kabewa. Na tambaya, wa ya riƙa ban ruwa a dogon hutun da suke yi daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta? Sai aka nuna mini wata takarda a jikin bango, kowane mako da sunan gidan da ya ɗauki nauyinsa. Ranar girbin kuwa, wani manomi ya zo da tarakta da takin shanunsa, wata uwa ta zo da goyo a ƙirji tana wanke karas, wani kafinta yana gyara katakon da ya kewaye kunyoyin. Ba wanda aka biya ko sisi. Abin ya tuna mini da gayya a garinmu ina yaro, lokacin da ganga ɗaya ke tara samarin unguwa a gonar mutum guda. Da suka gama tono, sai suka binne tafarnuwa a kunyoyin suka rufe da ciyawa. Za ta kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara duk tsawon hunturu, ba za a cire ta ba sai watan Yuli.

Lambun nan ba wasa ba ne. Tun 2006 jihar ta yi dokar tallafa wa makarantu su haɗa kai da manoman yankinsu, su sayi abincin gida, su koya wa yara inda abinci ke fitowa. A 2023 kuma aka tabbatar da cewa kowane ɗalibi a makarantun gwamnati na jihar zai ci kalaci da abincin rana kyauta. Na ga malama ta sa yara sun auna nauyin kabewa, sun ƙirga 'ya'yan cikinta goma-goma, sun rubuta a littafi. Darasin lissafin ranar ke nan, kuma ban ga mai gyangyaɗi ba.

Washegari 'yan kwana-kwana suka zo da jar motarsu, domin makon da 9 ga Oktoba ta faɗo a cikinsa shi ne makon wayar da kai kan gobara a Amurka, tunawa da gobarar Chicago ta 1871. 'Yan sa-kai ne, kuma da dama daga cikinsu iyayen yaran ne.

Babban taron shi ne liyafar yammacin Juma'a. Kowane gida zai kawo kwano ɗaya, a jera a zauren makaranta, kowa ya ɗiba. 'Yata ta ce miyar taushe za ta yi da kabewar lambun, da tuwon shinkafa. Na ga ba ta ɗauko gyaɗa ba, na ce, "Ke kuwa, taushe ba gyaɗa?" Ta ce, "Baba, akwai yaron da in ya ci gyaɗa numfashinsa ke sarƙewa. An aiko wa kowane gida da takarda." Haka ta ƙara kabewa da alayyafo miyar ta yi kauri. A zauren, kowane kwano da 'yar takarda a gabansa mai bayanin abin da ke ciki, saboda haka na san wanda ke da naman alade na kauce masa ba tare da na tambayi kowa ba. A waje kuma wani dattijo ya kafa injin matse tuffa na katako, yara suna bin layi suna juya hannunsa, ruwan yana zuba a bokiti. Sabo ne, bai kwana ba balle ya yi tsami, na sha kofi biyu. Tukunyar miyarmu ba ta daɗe ba aka suɗe ta, mata biyu suka tsare 'yata sai da ta rubuta musu yadda ake yi.

A wurin ne na zauna kusa da wata tsohuwa da ba ta da ɗa ko jika a makarantar, amma duk Talata tana zuwa ta saurari karatun 'yan aji ɗaya. Ita ma a nan ta yi firamare. Daga bakinta na ji damuwar da ke ƙarƙashin wannan walwala. Yara suna raguwa a Vermont. A ƙarshen shekarun 1990 ɗaliban jihar sun haura 100,000, yanzu dubu 80 da 'yan kai ne, ga haraji a kan gidaje da filaye, wanda da shi ake ɗaukar kaso mai tsoka na nauyin makarantu, yana ta hauhawa. A 2015 majalisar jiha ta yi dokar da ake kira Act 46, wadda ta haɗe hukumomin makarantu na ƙananan garuruwa wuri guda, kuma tun daga nan an rufe wasu ƙananan makarantu ana kwasar yara a mota zuwa manyan garuruwa. Mutanen gari ne ke jefa ƙuri'a kan kasafin makarantarsu, galibi ranar Talatar farko ta watan Maris, kuma a 2024 kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafin da aka gabatar a ranar an yi fatali da shi.

Ban raina hujjar masu son a haɗe ba. Na riƙe makaranta, na san abin da albashin malami da gyaran rufi ke ci, kuma tsohon da fansho kaɗai ya dogara da shi yana da haƙƙin ya koka da haraji. Sai dai lissafin da ake yi na kuɗin kowane ɗalibi bai haɗa da taraktar manomin nan ba, ko Talatar tsohuwar nan, ko makonnin ban ruwa da gidaje suka raba a tsakaninsu. Waɗannan suna zuwa ne saboda makarantar tana bakin ƙofarsu kuma suna jin tasu ce. In aka mayar da ita bayan duwatsu, tafiyar rabin awa a kan ƙanƙara, kaɗan ne za su bi ta.

Kafin in taho na halarci ganawar iyaye da malamai, inda ake ba kowane gida 'yan mintuna shi kaɗai da malamar aji. Ta baje littattafan jikata a gabanmu, ta nuna inda ta yi ƙoƙari da inda take tuntuɓe a ɗebewa, ta tambayi uwarta ƙarfe nawa yarinyar ke kwanciya. Na tuna iyaye da yawa da na koyar da 'ya'yansu shekara shida, ban ga fuskarsu ba sai ranar karɓar takardar gamawa. Laifin ba nasu kaɗai ba ne, mu ma malamai ba mu cika kiransu ba sai in za a karɓi kuɗi ko yaro ya yi laifi.

Na bar Vermont kafin ƙarshen Oktoba, ganye ya fara ƙarewa a kan duwatsu, raɓa tana daskarewa a gilashin mota da asuba. Mai karatu, in kana da ɗa a firamaren unguwarku, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin gudanar da makaranta. Ka je cikin makon nan ka gaida malamin ajinsa, ka tambaye shi wane aiki ne hannunka zai iya yi musu.